Isaw, Tsiren Hanjin Kaza na Manila

Da la'asar ta yi sanyi a Manila, sai hayaƙin gawayi ya fara tashi daga kowane lungu. A irin wannan lokaci ne muka sauka daga jifni, ni da ɗan ƙanwata da ke karatun likita a can. Jifni ita ce motar hayar talakan ƙasar Filifin, kuma asalinta motocin sojan Amurka ne da aka bari bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Kwanana uku ke nan da isowa daga Kano ta hanyar Doha, barcina bai daidaita da tazarar awa bakwai ba tukuna.

"Kawu," in ji shi, "yau za ka ga tsiren mutanen nan."

Wata mata ce zaune gaban doguwar tukunyar gawayi, tana fifita wuta da kwali. A gabanta an jera tsinkayen gora, kowanne an soke masa hanjin kaza, an lanƙwasa shi gaba da baya kamar igiyar guga da aka naɗe. Sunansa isaw. Kafin ya iso kan wuta, an juya cikinsa waje, an wanke, an tafasa, sannan a shafe shi da haɗin miyar waken suya da jar miyar ayaba mai kama da tumatirin gwangwani, shi ya sa yake fitowa jawur yana ƙyalli. Ɗalibai da direbobi da ma'aikatan ofis masu ɗamarar wuya duk sun yi cirko-cirko, kowa na kiranta "Ate", wato Yaya.

Mutanen Filifin akwai barkwanci wajen laƙabi. Ƙafar kaza Adidas ce, saboda yatsunta uku sun yi kama da layuka uku na takalmin. Kan kaza kuwa hular kwano suke ce masa. Kunnen alade Walkman ne, daskararren jini da aka yanka murabba'i kuma Betamax, don ya yi kama da tsohon kaset ɗin bidiyo. Sunayen nan kaɗai sun isa su gaya maka shekarun da abincin ya bunƙasa. Ana danganta yaɗuwarsa da matsin tattalin arziki na shekarun 1970 da 1980, zamanin mulkin Ferdinand Marcos, lokacin da tsoka ta fi ƙarfin aljihun talaka, ya koma ga abin da mahauta ke zubarwa. Yanzu abin ya wuce na talaka. A harabar Jami'ar Filifin da ke Diliman akwai rumfar Mang Larry da ta yi suna tun shekarun 1980, masu motocin alfarma ma layi suke bi.

Ranar ban ci ba. Waya ɗaya ce ake gasa hanjin kaza da na alade da jini, buroshi ɗaya ake shafa musu miya da shi, balle a zo maganar yanka. Sai ranar Juma'a, bayan mun idar da salla a Masallacin Zinare na unguwar Quiapo, wanda aka gina a 1976 saboda ziyarar Gaddafi da ba ta yiwu ba, muka sami wani Musulmi ɗan kudancin ƙasar da ke gasa kaza zalla. Nan na sayi tsinke biyu.

Gaskiya akwai daɗi. Bakin hanjin ya ƙone yana ƙaras-ƙaras, cikinsa kuma da laushi da ɗan danƙo, ga ƙamshin gawayi. Duk wanda ya saba da kayan ciki wurin mai balangu ba zai ji baƙunta ba. Bambancin shi ne babu ƙuli-ƙuli babu yaji. A maimakonsu akwai kwalba cike da ruwan khal na rake ko na kwakwa, an zuba masa albasa da tafarnuwa da ƙananan barkono masu zafin gaske, ana tsoma tsinken a ciki. Tsamin ne ke kashe maiƙon, sai ka ji kana neman ƙari.

A kan kwalbar nan ɗan ƙanwata ya riƙe mini hannu. Ya sa aka zuba mini nawa a ƙaramin kofi, sannan ya nuna mini wani saurayi da ya gatsa, ya mayar da ragowar tsinken cikin kwalbar da kowa ke tsomawa. Ya ce wuta tana kashe ƙwayoyin cuta idan naman ya kai maki 74 a ma'aunin Selshiyos har cikinsa, amma ruwan khal da ya wuni a buɗe yana karɓar yawun mutane da hannun da bai ga sabulu ba, tsaminsa bai isa ya tsare kowa ba. Ta irin wannan hanya ciwon hanta nau'in A da zazzaɓin taifod ke yawo, domin duka biyun daga bayan gida suke zuwa baki.

Sai kuma shi kansa hanjin. Nan ne gidan ƙwayoyin Salmonella da Campylobacter a jikin kaza, kuma mai saye ba ya ganin wankin, da asuba aka yi shi a gida ko a bayan kasuwa. Ɗaci a baki alama ce ta cewa an bar ƙazanta a ciki, ko da yake na ga masu cewa ɗacin ne daɗin. Abin da ya fi rikitarwa, Campylobacter ba ta nuna kanta sai bayan kwana 2 zuwa 5. Wani abokin zaman ɗan ƙanwata ya kwanta da gudawa da murɗawar ciki, ya dage cewa shinkafar daren jiya ce, alhali isaw ɗin da ya ci a wata tasha tun farkon mako ne likita ya fi zargi.

Akwai kuma illar da ba ta zuwa da gaggawa. Kayan ciki suna tayar wa masu ciwon gaɓoɓi na gawut da ciwonsu, naman da ya babbake ya yi baƙi kuma yana ɗauke da sinadaran da masana ke alaƙantawa da ciwon daji. Wannan dai bai bar namu tsiren ba.

Doka kam akwai ta. Tun 1975 ƙasar ke da kundin tsafta da ya wajabta wa mai sayar da abinci takardar shaidar lafiya, a 2013 kuma aka ƙara dokar kare lafiyar abinci. Sai dai a bakin titi ban ga takarda a manne ba sai a rumfuna ƙalilan, kuma ban ga mai saye ko ɗaya da ya tambaya ba. Abin da suke dogara da shi shi ne "suki", wato mai sayarwar da ka saba da shi ka san hannunsa, kamar yadda kowa a Kano yake da mai namansa.

Kafin in taso na ƙara cin isaw sau biyu a wurin mutumin Quiapo, ban kuwa ji komai ba, alhamdulillahi. Idan Allah ya kai ka Manila, ka tambayi naman da ke kan wayar tukuna, ka sa a gasa maka a gabanka har ya yi tururi, kuma ka nemi naka kofin ruwan khal.