Zuwa ga Ummi, kan jinyar hawainiyarki

Ummi,

Ina fatan kina lafiya, karatu yana tafiya, sanyin Ingila kuma bai matsa miki ba. Mamanki da ƙannenki suna gaishe ki, suna yi miki sannu da jinya.

Na ji daɗi da kika ce likita ya mayar da abin da ya fito wa hawainiyarki, ya yi ɗinki, har ta fara riƙe reshe da ƙarfinta. Alhamdulillahi. Sai dai daga muryarki na gane kin ɗauka an gama, abin da ya sa na zauna rubutun nan ke nan. Na bar wasiƙar a buɗe don 'yan'uwanki da ke sayen irin waɗannan dabbobi a kanti su ma su karanta, tunda mai sayarwa ba kullum yake faɗin nauyin da mutum ya ɗauko ba.

Fitar baya alama ce ta wata matsala da ta daɗe tana cin dabba a ciki. A shekarun da na yi ina aikin malamin dabbobi na sha ganin tunkiyar da aka mayar wa baya, aka ɗinke, mai ita ya tafi yana murna, ba a jima ba ya dawo da ita, domin ba a taɓa abin da ya sa take yunƙuri ba. Ɗinkin da ke jikin hawainiyarki lokaci kawai ya ba ki, ki nemo dalili.

Ƙofa ɗaya gare ta a gindin wutsiya, ta nan kashi da fitsari da ƙwai suke fita. Saboda haka jan naman da kika gani yana iya zama bangon ƙofar kanta, ko ƙarshen hanji, ko bututun ƙwai. Da namiji ne, da sai a ƙara da al'aurarsa, wadda biyu ce, kuma ko an yanke wadda ta lalace yana rayuwa lafiya tunda ba ta nan yake fitsari ba. Hanji ba a yi masa haka. Ki koma ki tambayi likitan, da bakinsa ya faɗa miki wanne ne ya fito.

Zargina na farko ƙwai ne. Taki irin ta Yaman ce, mai dogon ƙoƙo a ka, asalinta duwatsun Yaman da kudu maso yammacin Saudiyya. Macen wannan iri tana yin ƙwai ko ba ta taɓa ganin namiji ba, kuma a zubi ɗaya tana iya sauke 30, wani lokaci fiye da 60. Gwargwadon yadda aka cika ta da abinci da ɗumi, gwargwadon yawan ƙwan. Na san halinki tun kina ƙarama, ba kya iya ganin abu mai rai ya kalle ki ba ki miƙa masa abinci ba. A nan tausayin ne yake cutar da ita. Babbar mace ba ta bukatar ci kowace rana, a tsallake mata kwana ɗaya ya fi, kuma wurin shan ɗuminta kada ya wuce maki 29 ko 30 a ma'aunin Selshiyos.

Sannan ba ta zuba ƙwai a fili. Rami take haƙawa ta binne su. In ta sauko ƙasan keji tana kai da kawowa, ta daina ci, to wurin haƙa take nema. In ba ta samu ba sai ta riƙe ƙwan, ta yi ta nishi har wani abu ya biyo. Ki ajiye mata bokiti mai yashi da ƙasa masu danshi, zurfinsa kamar santimita 25 zuwa 30, danshin da zai riƙe rami bai rufta ba. In ta fara haƙa ki yafa zane a kan kejin ki ba ta wuri, domin in ta ga ana kallonta takan bar ramin. Amma kafin wannan duka, a yi mata hoton ciki a ga ko akwai ƙwai yanzu. In abin ya zama mai maimaituwa, ana yi musu tiyata a cire kayan ƙwan gaba ɗaya.

Hoton nan zai nuna abu na biyu, wato ƙarfin ƙasusuwanta. Kowane ɓawon ƙwai daga jikinta ake ɗebo kalsiyam ɗinsa, kuma tsoka ba ta matsewa yadda ya kamata in kalsiyam ya yi ƙasa a jini. Tsokar da ke tura ƙwai da wadda ke riƙe baya duk suna ciki. Gyaren da kike saya ba shi da kalsiyam isasshe, shi ya sa ake ciyar da shi ganye mai kyau tukuna, a barbaɗa masa garin kalsiyam, sannan a ba ta. Ko an yi haka ma, hanjinta ba zai tsotsa ba sai da bitamin D3, shi kuwa fatarta ce ke yin sa idan hasken UVB ya sauka a kai. Kin ce kin aje kejin a bakin taga don ta sha hantsi. Gilashi yana tare UVB, Ummi, haske da ɗumi kawai yake bari su wuce, balle ranar hunturun Ingila da ba ta da ƙarfi tun asali. Fitilar ma da ke kan kejin, tana iya ci gaba da ci alhali UVB ɗinta ya yi rauni. Ana canza ta tsakanin wata 6 zuwa 12, ya danganta da irinta. Ki rubuta ranar da kika ɗaura ta a jikin fitilar. In kika ga ƙafa ta fara lanƙwasa, ko muƙamuƙi ya yi laushi, ko harshe ya daina kai wa ga fara, ciwon ya riga ya yi nisa.

Sai ruwa. Hawainiya ba ta cika gane ruwan da ke kwance a kwano ba, raɓa da ɗigon ruwa a kan ganye take lasa. Na'urar ɗumama ɗakin da kuke kunnawa kuwa busar da iska take. Ki yi feshi safe da yamma, feshi mai tsawo har ganye ya riƙa ɗiga, ki kuma rataya abin ɗigo a sama. Kashinta zai gaya miki gaskiya: farin da ke fitowa tare da shi fitsarinta ne, in fari ne tas ta ƙoshi da ruwa, in ya koma ruwan lemo tana cikin ƙishi. Busasshen ciki yana kawo taurin kashi, taurin kashi yana kawo yunƙuri.

Tsutsar ciki ma tana sa haka, kuma ita ce mafi sauƙin ganowa. Ki kai sabon kashi a duba. Kada ki ba ta maganin tsutsa da kanki, dabba ce da ba ta fi gram 100 da ɗoriya ba, ƙaramin kuskure a awo sai ya kashe ta.

In ya sake fitowa, Allah ya kiyaye, ga abin yi. Ki wanke hannu, ki ɗauke ta daga kejin, domin gyaren da ya rage a ciki yana gatsar ɗanyen nama. Ki sa ta a roba mai tsabta da aka shimfiɗa wa jiƙaƙƙen tawul, babu yashi babu ƙasa. Ki ɗauraye wurin da ruwa mai ɗan ɗumi, ki dama sukari da kauri ki shafa a hankali. Sukari yana janye ruwa daga naman da ya kumbura. Da shi muke rage kumburin mahaifar saniya kafin mu mayar. Bayan nan ki shafa man santsi na kemis, wanda aka yi da ruwa, don kada ya bushe. Kada ki tura da yatsa, kada ki ja, kada ki ba ta abinci. Ki kama hanyar asibiti a ranar, ko da dare ne, domin naman da jini ya daina kai wa yana komawa baƙi cikin awanni, kuma wanda ya mutu ba ya mayuwa. Tun yau ki nemi lambar likitan da ya san dabbobi masu jan ciki kuma yake amsa kiran dare, ba kowane likitan karnuka da kyanwoyi ne ya saba da su ba.

Na ji gwaggonki ta ce basir ne, har tana shirin aika miki da magani. Ki yi mata godiya, ki ajiye. Man basir, man zafi, Dettol, gishiri, ko ɗaya kada ya taɓa wurin. Gwaggonki ba ta da laifi, mu nan mun taso muna ganin hawainiya a gonar rama da reshen bishiya, ana ce mana tana da dafi, yara su jefe ta, wasu su busar da ita su kai wa masu magani. Ba ta da dafi. Abin da kawai zan ja kunnenki a kai shi ne ƙwayar salmonela da irin waɗannan dabbobi ke ɗauke da ita, don haka ki wanke hannu da sabulu duk lokacin da kika taɓa ta ko kejinta.

Taɓawar ma ki rage. Dabba ce mai son kaɗaici, hannun mutum tsoro yake ba ta. Launinta yana bin halin da take ciki da zafin jikinta fiye da abin da ta hau, don haka in ta yi duhu ta daɗe a haka, wani abu ne ke damunta. Kuma tana ɓoye ciwo, tunda a daji wadda ta nuna rauni ita tsuntsu ke ɗauka. Lafiyayyar hawainiya ba ta barcin rana. Ido a rufe da rana, ko ido ya faɗa, ko baki a buɗe da yawu mai yauƙi, kowanne ya isa a kira likita. Ki sayi ƙaramin sikeli ki riƙa auna ta kowane mako kina rubutawa, rama takan bayyana a sikeli kafin ido ya gan ta.

Akwai magana mai nauyi da ba zan ɓoye miki ba. Wani lokaci ana yin duk abin da ya dace, hanjin ya sake fitowa ya lalace, likita ya ce tiyata ba za ta yi amfani ba. In aka kai nan kada ki yanke shawara ke kaɗai cikin kuka, ki kira ni ko ƙarfe nawa ne mu duba tare, mu sa wahalarta a gaba, ba son da kike mata ba. Kin san hadisin matar da ta tsare kyanwa. Dokar ƙasar da kike ma, ta kula da dabbobi ta 2006, ta ɗora wa mai dabba alhakin abinci da muhalli da magani. Batun kuɗin asibiti kuwa, kada ki taɓa kuɗin abincinki ko na haya, ki faɗa mini nawa ne.

Ranar da za a cire ɗinki ki tafi da kashin, ki nemi hoton ciki da gwajin kalsiyam, ki turo mini sakamakon tare da hoton kejin gaba ɗaya, har da fitilar da rubutun da ke jikinta. Ki gaishe da abokan zamanki. Allah ya ba ta lafiya, ya yi miki albarka.

Mahaifinki.