Ƙaramin Sani Ƙuƙumi Ne

Har yanzu akwai baƙin tabo a bangon ɗakin 'ya'yana, ya taso daga bayan wadirof ya miƙe zuwa silin. Sau biyu uwargidana tana cewa a kira mai fenti, ni kuwa ina cewa a bar shi tukuna. Aikin hannuna ne, kuma ina so in riƙa ganinsa.

Lokacin da muka sayi firiza don ta riƙa sayar da ƙanƙara da zoɓo, babu soket a lungun da za a ajiye ta. Mai gyaran wutar unguwarmu, wani dattijo da ya daɗe a sana'ar, ya zo ya duba ya faɗi kuɗin waya da na aiki, sai na ga kamar ya tsawwala. Da ma na saba canza ƙwan fitila da ɗaura fanka, don haka zuciya ta raya mini cewa wannan ma ba zai gagara ba. Na sayo siririyar waya mai araha, irin wadda ake ja wa fitila, na sa mata filogi a soket ɗin falo, na bi da ita ta ɗakin yara. Da ta gaza kaiwa, na murɗa wani guntu na ƙara, na naɗe mahaɗar da salatif, na tura bayan wadirof. Na kunna, firiza ta ɗauka, na ce aiki ya yi.

Da hunturu ya shigo, sai aka fara jona hitar ruwan wanka da dutsen guga a wannan layin. Fis ɗin cikin filogin ya mutu, na sayo wani. Bayan kwana uku shi ma ya mutu. Uwargida ta ce, "Maigida, anya kuwa? Abin nan ba banza yake mutuwa ba, a kira mai gyara mana." Na ce mata fis ɗin yanzu ne ba su da ƙarko. Na zaro zaren tagulla daga wata tsohuwar waya, na nannaɗe a gurbinsa. Daga ranar bai ƙara yankewa ba. A nan babban laifina yake.

Wani dare aka ɗauke wuta da magariba, aka manta hita a jone cikin bokiti. Wajen ƙarfe biyu aka dawo da ita muna barci. Tarin ƙaramar 'yata ne ya tashe mahaifiyarta. Da muka buɗe ƙofar ɗakin, ƙaurin roba ya bugi hancinmu, hayaƙi ya tokare silin, bayan wadirof yana ci bal-bal. Ta sunkuci yaran ta yi waje, ni kuma na rarumi bokitin ruwa. Maƙwabcina da ya jiyo salatinmu ne ya riƙe hannuna yana cewa, "Kada ka watsa! Kashe wutar tukuna!" Ya ruga ya sauke canjoba, sannan muka kashe wutar da yashi da ruwa. Allah ya tsare, asarar ta tsaya kan tufafi da katako.

Da safe na aika a kira dattijon da na raina wa farashi. Bai yi mini gori ba. Ya buɗe filogin, ya ɗago zaren tagullar nan ya nuna mini, ya ce, "Malam, fis mai gadi ne. Sau biyu yana yi maka ihu, kai kuma ka toshe masa baki." Ya zaunar da ni ya yi mini lissafi. Wutar gidajenmu bolt 230 ce, fis mai amfiya 13 kuwa iyakar abin da zai ɗauka bai wuce wat 3,000 ba, alhali hita kaɗai takan ci 1,500 ko 2,000. Layin soket waya mai kaurin 2.5 ake ja masa, ta 1.5 ta fitilu ce, tawa kuwa ko wannan ba ta kai ba. Mahaɗar da aka murɗa da hannu ba ta damƙewa sosai, nan zafi yake taruwa har roba ta narke. Ga shi wayata mai zare biyu ce, babu na ukun da ke kai wuta ƙasa idan ta ɓalle a jikin ƙarfe. Wato duk tsawon watannin nan, 'ya'yana na taɓa jikin firiza da jiƙaƙƙen hannu ba tare da wata kariya ba. Wannan maganar ta fi gobarar kanta girgiza ni.

A Najeriya akwai hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta ɗora wa alhakin duba wayarin da ba masu aikin lantarki takardar shaidar ƙwarewa. Da can ina ɗaukar irin wannan ƙa'ida a matsayin wahalar da talaka. Yanzu na gane cewa kuskuren lantarki yakan kwanta shiru cikin bango wata da watanni, ba ya nuna kansa sai dare ya raba, kuma ba ya tsayawa kan wanda ya yi shi. Da wutar nan ta kama silin, da ta tsallaka gidan maƙwabcin da ya cece mu.

Dattijon ya ja sabon layi daga allon rarraba wuta, ya sa bireka, ya ƙara na'urar da ke yanke wuta nan take idan ta fara jan mutum. Na biya ninkin abin da na guje wa, ban yi ciniki ba. Yanzu ƙwan fitila kaɗai nake canzawa, shi ma sai na kashe makunni. Idan fis ko bireka ya yanke sau biyu, sai in zare kaya in kira mai sana'a.

Kwanaki babban ɗana ya ɗauko tasta da filaya zai gyara soket ɗin da ke tartsatsi. Na kama hannunsa na kai shi gaban tabon nan, na ba shi labarin tun daga siririyar wayar har zuwa tarin ƙanwarsa, ban rage komai ba. Ya daɗe yana kallon bangon, sannan ya mayar da kayan cikin akwati, ya tafi kiran dattijo.