Ƙofofin Unguwar Gano da Faɗin da Muke Yi Wa Kanmu Rowa

Unguwar Gano ɗaya ce daga cikin mazaɓu goma na ƙaramar hukumar Tarauni, kuma ita da maƙwabciyarta Gyaɗi-Gyaɗi suna cikin unguwannin wajen ganuwa da birni ya cim musu ya haɗiye. Duk wanda ya bar hayaniyar Titin Zariya ya kutsa lungunan wannan yanki zai ga gidaje suna sauya fuska. An tsaga zaure an fitar da shago, an mayar da soro ɗakin haya, an cire tsohon ƙyauren katako an kafa na ƙarfe mai sheƙi. Babu mai ganin laifin magidancin da ya nemi kuɗin cefane daga gaban gidansa. Abin dubawa shi ne, kusan duk inda aka yi wannan gyara, ƙofar shiga gida ce ke biyan bashin. Shago ya samu ƙafa goma, mutanen gida kuwa an bar musu ɗan tsagi su riƙa raɓawa.

Kanawa ba baƙin wannan darasi ba ne. Ƙofofin ganuwar da aka fara ginawa a zamanin Sarki Gijimasu an auna su ne da doki da raƙumi da jaki mai mangala. Da mota ta zo sai suka yi kaɗan, har ta kai ga an rushe Ƙofar Na'isa a 2010 domin faɗaɗa hanya, aka sake gina ta da siminti, masana tarihi suna ta kuka. Ƙofa dai da abin da zai bi ta cikinta ake auna ta.

To, me zai bi ta ƙofar gida a Unguwar Gano? Babur ɗin maigida kullum dare. Buhun masara da kaka. Firji da injin janareto. Gado da kujerun amarya ranar jere, waɗanda kafintocin yau ke ƙara wa girma kowace shekara. Sai kuma abubuwa biyu da ba a son tunawa da su lokacin da ake cinikin ƙofa a Kasuwar Ƙofar Ruwa: keken mara lafiya da makara. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ba nisa yake da unguwar ba, kuma tsohon da aka sallamo bayan shanyewar ɓarin jiki a keke zai dawo. Idan keken bai shiga ba, sai ’ya’ya su riƙa cicciɓarsa kamar kaya duk ranar ganin likita. Makara kuwa ta fi mutum tsawo, mutane ke riƙe da ita ta gefe, kuma tana buƙatar wurin juyawa. Gidan da aka matse ƙofarsa aka kuma karya lungunsa, sai dai a fito da mamaci a tabarma a ɗora shi a waje, a gaban jama'a.

Ƙofofin ƙarfe da ake shigowa da su daga Sin da Turkiyya ana kiransu ne da faɗinsu: ƙafa 3, ƙafa 4, ƙafa 5, tsawo kuma kimanin ƙafa 7. A nan ne mai saye ke ruɗuwa. Ƙafa 3 inci 36 ne, amma wannan awon har da firem. Idan aka cire kaurin firem hagu da dama, aka cire na ƙyauren da ke tsaye a gefe bayan an buɗe, abin da ke saura sau da yawa bai wuce inci 31 ko 32 ba. A Amurka ƙa'idar gini da ke kare masu buƙata ta musamman ta sa inci 32 a matsayin mafi ƙarancin sararin wucewa. Ke nan ƙofar da muke ɗauka wadatacciya a bakin iyaka take. Mu ma muna da dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, sai dai gine-ginen jama'a ta fuskanta. Gidan mutum hankalinsa aka bar wa.

A ganina ƙofar waje ta gidan iyali bai kamata ta gaza ƙafa 4 ba, irin mai ƙyaure babba da ƙarami. Babban shi ake buɗewa kullum, ƙaramin yana kulle da sakata sai ranar biki ko ranar jarrabawa. Ƙarin ƙafa ɗaya ne kacal za a rage wa shago.

Batun tsawo ya fi ɓoyuwa. Duk lokacin da aka cika layi da ƙasa ko aka gyara kwata, titi yakan ɗaga ya bar gida a ƙasa, ruwan Agusta ya samu hanya. Maganin da aka saba shi ne a ɗora bulo ɗaya a dokin ƙofa. Tsawon bulo inci 9 ne. A cire shi daga inci 84, a cire firem na sama, sai a ga dogon mutum mai hula yana sunkuyawa a gidansa, mai ɗauke da kaya a ka kuwa sai ta sauke. Wanda zai ɗaga dokin ƙofa ya ɗaga lintal tare da shi, ya kuma yi wa wajen gangare maimakon tudu, don babur da keke. Lintal dai ba abin da za a sa yaron magini ya fasa da guduma ba ne, musamman idan akwai bene a sama ko ana niyyar ɗora shi.

Awon kansa ba ya buƙatar digiri. A sa tef a faɗin gurbin a wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa, a riƙe mafi ƙanƙanta, domin bangonmu ba kasafai yake miƙewa ba. A auna tsawo daga inda tayil zai ƙare, ba daga kan kankare ba. A ja tef daga kusurwa zuwa kusurwa sau biyu. Idan suka saɓa, gurbin ya karkace. Mafi sauƙi ma shi ne a sayi ƙofar tukuna, ko a yi magana da mai walda, kafin birkila ya ɗora bulon farko.

Magabata sun gina zaure da ƙofofi biyu da ba sa kallon juna, domin mai wucewa kada idonsa ya faɗa tsakar gida. Masu matse ƙofa a yau sukan kafa hujja da wannan sutura, alhali karkata ƙofar ciki ce ke samar da ita, ba ƙuntata ta waje ba. Haka kuma sun san hadarin Kano daga gabas yake tasowa, shi ya sa bangon gabas ya fi shan yaɓe. Ƙofar ƙarfe da ta kalli gabas ba tare da ’yar rumfa ba, daga gindi tsatsa ke fara cin ta, kuma a layukan Unguwar Gano akwai da yawa da aka riga aka yi wa faci da guntun langa-langa.