Kukan Motata

Ina da wata tsohuwar mota ƙirar Toyota Corolla. A unguwarmu a Arikya, ƙofata ake bugawa idan naƙuda ta kama mace cikin dare, ko zazzaɓi ya tsananta wa yaro, domin a garzaya asibiti a Lafia. Saboda haka lafiyar motar nan ba ni kaɗai ta shafa ba.

Wata safiya cikin hunturu, na tayar da ita zan tafi makaranta, sai na ji wani siririn kuka kamar na sauro yana fitowa daga cikin injin. Motar tana tsaye, amma injin yana karkarwa, har sitiyari yana rawa a hannuna. Da na taka totur, sai kukan ya ɓace, injin ya daidaita. Na ce a raina sanyi ne. Haka na yi mako biyu ina kunna rediyo don kada in ji shi, har ranar da ta mutu mini a tsakiyar titi a Lafia. A lokacin matar maƙwabcina ta shiga watan haihuwarta. Daren nan ban yi barcin kirki ba.

Bakaniken da na fara kai wa bai bari na gama bayani ba. Ya ce fulogi ne, ya canza guda huɗu, na biya. Kafin in isa gida kukan ya dawo. Na biyu ya ce altaneta ce, ya yanka mini kuɗin da ya kai rabin albashina. Na ce zan yi shawara.

Wani abokin aikina ne ya kwatanta mini garejin wani dattijo a Lafia. Bayan mun gaisa, dattijon bai ɗauki ko sifana ba. Ya zauna ya yi mini tambayoyi kamar likita.

"Malam, kukan nan, sai tana tafiya kake jin sa, ko har tana tsaye?"

"Har tana tsaye, Baba."

"To, ba boris ɗin taya ba ne. Idan ka ba ta wuta, ƙaruwa yake yi ko raguwa?"

"Ɓacewa yake yi."

Ya gyaɗa kai. "Da altaneta ce, da kukan ya bi gudun injin, yana ƙara kaifi. Amma bari mu tabbatar."

Ya ɗauko doguwar sukundireba, ya ɗora bakinta a jikin altaneta, ya kara kunnensa a ƙotar. Daga nan ya kashe injin, ya cire bel, ya sake tayar da shi na ɗan lokaci kaɗan. Kukan yana nan. Ya ce, "Ka gani? Duk abin da bel yake juyawa ya kuɓuta daga zargi."

Bayan ya mayar da bel, sai ya ɗauki guntun tiyo, ya sa gefe ɗaya a kunne, yana bin sassan injin da ɗaya gefen, sannu a hankali. Can sai ya tsaya. Ya danna babban yatsansa a kan wani siririn tiyon roba da ke bayan injin. Nan take kukan ya yanke, karkarwar ta lafa. Ya ɗage yatsa, suka dawo tare. Tsagar da ke jikin robar ba ta kai tsawon ƙwayar shinkafa ba.

Ya yi mini bayani, ni ma daga baya na ƙara karantawa. Injin yana zuƙar iska ne kamar huhu, yana gauraya ta da fetur bisa ma'auni: kimanin giram 15 na iska ga kowane giram 1 na fetur. Idan mota tana silo, wato injin yana aiki alhali tana tsaye, yakan juya kimanin sau 700 zuwa 800 a minti ɗaya. A wannan hali ƙofar iska kusan a rufe take, don haka zuƙar tana da ƙarfi ƙwarai. Idan akwai tsaga, sai iska ta kutsa ta nan tana fito, ta yi wa fetur yawa, injin ya riƙa shaƙewa. Da an taka totur ƙofar ta buɗe, sai zuƙar ta ragu, kukan ya ɓuya. Zafin injin da tsufa ne suka busar da robar har ta tsage.

Sabon tiyon bai kai kuɗin burodi biyu ba. Na ce, "Baba, ashe wannan ɗan abu ne ya hana ni barci?" Ya yi murmushi ya ce, "Malam, ana cewa gani ya kori ji. Mu a nan, ji ne yake kai mu ga gani."

Maganar nan ta bi ni har aji. Kullum ina gaya wa ɗalibaina cewa kuka na jariri da kuka ta miya rubutunsu ɗaya ne, karin sauti ne kawai ya raba su, kuma wanda bai kasa kunne ba ba zai taɓa bambance su ba. Ga shi ni mai koyar da sauraro na yi mako biyu ina toshe kunnena da rediyo.

Bayan kwana tara, wajen ƙarfe biyu na dare, maƙwabcina ya buga mini ƙofa. Na murɗa makulli, na ɗan saurara. Injin ya tashi lafiya lau, ba kuka ba karkarwa. Muka kama hanyar Lafia. Kukan da na ji da asuba a bakin ɗakin haihuwa, na jaririya ne.