Hotunan da lissafi ke zanawa

Ku matso kusa, aminai, yau maganar ta 'yan gida ce. Kun sha tambayata abin da nake yi a gaban kwamfuta bayan sallar isha'i har dare ya raba. To, farautar hotuna nake yi, irin waɗanda ake kira firaktal. Babu buroshi, babu fenti. Lissafi ne ke zana su, ni nawa shi ne neman wuri mai kyau da zaɓen launi.

Firaktal siffa ce wadda idan ka kusanto wani yanki nata, sai ka tarar ƙaramin ya ɗauko kamannin babban, cikin ƙaramin kuma akwai wani ƙarami, haka dai ba iyaka. Tun wajen 1918 wasu masana lissafi biyu na Faransa, Gaston Julia da Pierre Fatou, suka yi nazarin lissafin da ke haifar da ita, amma ba su da na'urar da za ta nuna musu cikakken kamanninta. A 1980 kuma Benoit Mandelbrot, haifaffen Warsaw da ke aiki da kamfanin IBM a Amurka a lokacin, ya sa kwamfuta ta fito da siffar nan da ake kira da sunansa: baƙar ƙwarya mai tsaga a gefe guda, da ƙananan ƙwallaye manne a jikinta.

Yadda ake samun ta ne ya fi ba ni mamaki. Kowane ɗigo a fuskar kwamfuta yana da tasa lambar. Sai a fara da sifili, a ninka shi da kansa, a ƙara lambar ɗigon. Abin da ya fito a sake ninka shi da kansa, a sake ƙara lambar, a yi ta maimaitawa sau ɗaruruwa ko dubbai. Idan girman sakamakon ya haura 2, ya tsere ke nan, ba zai dawo ba, sai a ba ɗigon launi gwargwadon zagayen da ya yi kafin ya tsere. Wanda ya ƙi tserewa a bar shi baƙi. Shi ke nan fa, wallahi. Duk kyan yana kan iyakar da ke tsakanin masu tserewa da masu zama.

A bakin wannan iyaka nake yawona. Akwai wani wuri a cikin tsagar da masu wannan sha'awa ke kira Kwarin Giwaye, domin in ka shiga sai ka ga jerin siffofi masu naɗaɗɗen hanci, ɗaya na bin ɗaya. Ka kutsa cikin hancin guda, ka ƙara kutsawa, can ƙasa sai ga 'yar ƙaramar baƙar ƙwaryar nan ta sake bayyana, kewaye da ado irin wanda ba ka gani a sama ba. Idan ka yi nisa sosai, mai yiwuwa ne babu ɗan Adam ɗin da ya taɓa ganin wurin kafin kai. A irin wannan lokaci bakina ba ya rabuwa da Subhanallahi.

Amma ga abin da na fi so ku riƙe. Tun farko wannan sha'awa a kan kyauta aka gina ta. A 1988 wasu masu rubuta manhaja da suka kira kansu Stone Soup Group suka fitar da Fractint, kowa ya ɗauka ba ko sisi. Mutane suka riƙa aika wa juna 'yan layukan lambobi da ke nuna inda suka tsaya, zurfin da suka kai, da launukan da suka zuba. Wanda ya karɓa sai ya sa a kwamfutarsa, hoton ya fito masa daidai, daga nan ya ci gaba da tasa tafiyar. Kamar uwar gida ce da ta zuba maka miya, ta kuma lissafa maka kayan haɗinta. Da irin wannan musayar a intanet ne Daniel White da Paul Nylander suka kai ga Mandelbulb a 2009, wato siffar da ke da tsawo da faɗi da kauri.

Kada kuma ku ɗauka abin baƙo ne a wajenmu. Ron Eglash, wani masani ɗan Amurka, ya wallafa littafinsa African Fractals a 1999, inda ya nuna yadda fadar Logone-Birni, garin Kotoko a arewacin Kamaru, take da shinge mai kusurwa huɗu a cikin wani shingen, shi ma a cikin wani. Ya kawo misali da kitso, yadda tufka ke raguwa daki-daki har ƙeya. Masu kitsonmu sun daɗe suna yin wannan aiki da yatsunsu.

Saboda haka ku gwada. Manhajar XaoS kyauta ce, kuma tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukarta. Ku zauna da yaranku, musamman masu tsoron darasin lissafi, ku bar su su zaɓi inda za a kutsa. Idan kun samo wuri mai kyau, don Allah ku turo hoton tare da lambobinsa, mu ma mu je mu gani.