Kalmar da na tsinta a kaskon Inna

A jarrabawar Ingilishi aka ba mu "sputter" mu fassara. Na rubuta "crépiter", malam ya ba ni rabin maki. Wai na kama ƙarar, na saki tofin.

Abin ya tsaya mani a rai har hutu. Ran nan da safe a Damagaram, Inna na tuyar ƙosai, ɗigon ruwa ya faɗa cikin mai, ya yi tartsatsi, ya fallatso mani a hannu. To, ga ta nan fa! Ƙara ce mai tsinkewa, tana tafe da abin da take tofarwa. Shi ya sa masu Ingilishi ke faɗin ta ga kabu-kabun da mai ya ƙare wa, yana fat-fat-fat kafin ya mutu, har ga mutumin da fushi ya shaƙe, magana na fita guntu-guntu da yawu.

Wannan "-er" ta ƙarshe maimaici take nunawa, kamar a "flutter" da "chatter". Mu kuwa gaɓa muke ninkawa: tofa, tattofa.

Na shiga yi wa Inna bayani. Ta ce, "Ke, matsa daga wutar nan tun ba ki ƙone ba."