Takobi da Sunayen da Ba a Rubuta Ba

A ƙasar Guna, cikin gundumar Mirya, kokowa ɗiyar kaka ce. Sai an yanke gero, an ɗaure dammuna, rumbu ya cika, sannan ganga take kiran samari zuwa dandali. Ƙauye ya gayyaci ƙauye, a yi da'ira a kan rairayi, ƴan kokowa su shigo da layu da guraye suna kirari. Wanda ya yi kaye a nan, a gaban iyayensa da surukan gobe ya yi shi.

Daga irin waɗannan dandali ne gasar Takobin Ƙasa take samun mazajenta. An fara ta a Tawa a 1975, zamanin Seyni Kunce, inda Kantu na Maraɗi ya fara ɗaukar takobin. Yau jihohi takwas ne suke karawa, kowace da ƴan kokowa goma. A kwanakin farko kowace jiha takan gamu da ƴan uwanta, sai waɗanda ba su taɓa faɗuwa ba su rage, a yi ta tankaɗe da rairaya har a bar mutum biyu. A ƙarshen 2023, a Agadas, Isaka Isaka na Doso ya ɗauki takobin karo na shida. Damagaram ma tana da nata gwani: sunan Langa-Langa ne filin kokowar Zinder yake ɗauke da shi.

A can Kanada da Amurka akwai wasan hoki na kan ƙanƙara, wanda ake kammala gasarsa da jerin karawa har bakwai tsakanin ƙungiyoyi biyu. Wadda ta riga cin huɗu ita ke ɗaukar Kofin Stanley. Wanda ya faɗi yau yana da gobe. A karon ƙarshe na kokowa kuwa, faɗuwa ɗaya ta isa ta rushe shirin shekara guda. Sai dai akwai wata al'ada ta mutanen ƙanƙara da ta cancanci a dube ta: tun 1893 ake ba da wannan kofi, kuma a jikinsa ake zana sunayen ƴan wasan da suka ci shi, jika ya zo ya karanta sunan kakansa.

A ƙauyukan Damagaram, bakin makaɗi shi ne jikin kofin. Shi ya san wanda ya kayar da wane a kakar wace shekara, da ubangidan da ya koya masa kamu, da asalin kirarinsa. Ranar da makaɗin ya kwanta dama, sunayen sukan bi shi kushewa. Ga shi kuma samari da yawa ba sa jiran ganga: da an gama girbi sai ci-rani.

Wannan aiki bai fi ƙarfin malamin makaranta ba, balle ƙungiyar raya al'adu. Littafi guda, alƙalami, da wayar ɗaukar murya sun wadatar. A tura ɗalibai wurin tsofaffin ƴan kokowa da makaɗansu, a rubuta suna da ƙauye da kirari, a ajiye kwafi a makaranta da fadar hakimi. Sarakunan takobi suna da rediyo da talabijin masu tuna su. Waɗanda suka fara kayar da su a rairayin ƙauye, suka koya musu tashi, su ne har yanzu suke jiran marubuci.